Darasi na Tara: Jakar Ruwa a Cikin Ƙashin Muƙamuƙi

Manufar darasi

Idan an kammala wannan darasi, ana so mai karatu ya iya:

1. faɗin yadda jakar ruwa ke samuwa a ƙashin muƙamuƙi;
2. gane alamominta, da rarrabe ta da sauran kumburin fuska;
3. bayyana binciken da likita ke yi kafin ya taɓa ta;
4. bayyana hanyoyin fiɗarta da kulawar da ke biyo baya.

Gabatarwa

Ciwon haƙori ba ya barin mai shi ya runtsa, shi ya sa ba a roƙonsa ya nemi magani. Akwai wata cutar muƙamuƙi kuwa da halinta ya saɓa da wannan. Ba ta zafi, ba ta hana cin tuwo, ba ta kwantar da mutum. Takan yi shekaru a cikin ƙashi ba wanda ya san da zamanta, sai ran da wani ya dubi mutum ya ce, "Wai me ya sami kuncinka ne? Gefe ya fi gefe." Wannan ita ce jakar ruwa, wadda likitoci ke kira sist.

Mece ce jakar ruwa?

Rami ne da ke samuwa a cikin ƙashi. Wata siririyar fata ce ke manne da bangonsa ta ciki, ruwa kuma ya cika shi. Abu biyu ke nan, fata da ruwa. A riƙe wannan da kyau: fatar ita ce cutar. Muddin tana nan, ko sau nawa aka zuƙe ruwan, wani zai sake taruwa.

Duk ƙasusuwan jiki ba wanda ya kai muƙamuƙi yawan samun irin wannan jaka, dalili kuwa haƙora. Tun jariri yana cikin mahaifiyarsa haƙora ke fara ginuwa a cikin ƙashin, na yarinta 20, daga baya na girma 32. Idan ginin ya kammala, burbushin ƙwayoyin halittar da suka yi aikin yakan rage a kwance kusa da saiwar haƙori. Kowa yana da shi, kuma yawancin mutane har su koma ga Allah ba abin da zai motsa shi. Amma in wani abu ya tsokane shi, kamar ruɓewar haƙori, sai ya farka ya hayayyafa, ya zama fata mai kewaye da rami.

Fatar nan kullum tana zubar da matattun ƙwayoyinta a cikin ramin, su kuma suna janyo ruwa. Ruwa na ƙaruwa, jaka na tokarar ƙashi, ƙashin kuma na narkewa sannu a hankali yana ba ta wuri. Aikinta irin na gara ne a cikin azara: daga waje lafiya lau, ciki kuwa an rarake.

Jakar ruwa ba ciwon daji ba ce. Ba ta tafiya wasu sassan jiki, ba a kuma ɗaukar ta daga wani. Ɓarnarta a inda take zaune take yi. Tana cin ƙashi, tana ture haƙora, in kuma aka bar ta ta ƙasaita, muƙamuƙi na iya karyewa a kan taunar abin da bai kai ya kawo ba.

Ire-irenta guda uku

Ta farko, jakar saiwar haƙori. Ita ta fi yawa. A ƙididdigar asibitoci da dama takan kai rabin dukkan jakunkunan muƙamuƙi ko ta zarce. Tushenta mataccen haƙori. A tsakiyar kowane haƙori akwai ɓargo mai jijiyoyi. In kogo ya ci har ya kai gare shi, ko haƙori ya bugu a faɗuwar babur ko a filin ƙwallo, ɓargon yakan mutu. Daga nan sai zafi ya lafa, mai haƙori ya ce ya warke. Alhali ƙwayoyin cuta sun gangara ƙarshen saiwa, suna can suna tsokanar burbushin nan. An fi ganin wannan jaka a haƙoran gaba na sama. In aka cire haƙorin aka bar ta a ƙasa, tana iya ci gaba da girma a ƙarƙashin giɓin.

Ta biyu, jakar ɓoyayyen haƙori. Haƙori ne ya kasa hudowa ya maƙale a cikin ƙashi, sai ruwa ya taru tsakanin kansa da rigar da ta lulluɓe shi. Turmin ƙarshe na ƙasa, na can ƙurya, wanda ke fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, shi ya fi yin haka, sai fiƙar sama. Matasa ta fi kamawa.

Ta uku, keratosist. Wani likita mutumin ƙasar Denmak, Hans Philipsen, shi ya raɗa mata wannan suna a 1956. Ta fi son kusurwar muƙamuƙin ƙasa, can baya. Maimakon ruwa tsinkakke, wani farin abu mai kauri ne ke cikinta. Tana da mugayen halaye biyu. Takan bi tsawon ƙashi ta ciki ba tare da ta kumbura shi sosai ba, don haka kafin a farga ta yi nisa. Sannan fatarta na da saurin yagewa, kuma guntu kaɗan in ya rage sai ta sake tohowa. Saboda wannan taurin kai Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin ƙari a 2005, ta kuma maido da ita jerin jakunkuna a 2017.

Alamomi

Ƙaramar jaka ba ta da alama ko kaɗan. Sau da yawa hoton da aka ɗauka don wani dalili ne ke tona ta. In ta girma, ga abin da akan gani:

1. kumburi mai tauri a kunci, ko haɓa, ko dasashi, ko ganɗa, wanda ke ƙaruwa a hankali ba zafi;
2. haƙori guda ya yi duhu ya bambanta da 'yan uwansa;
3. haƙora sun karkace ko suna girgiɗi ba dalili;
4. haƙorin da lokacin fitowarsa ya wuce bai fito ba;
5. wurin kumburin yana lotsawa in an danna, wani lokaci har da 'yar ƙara, saboda ƙashin ya sirance;
6. ruwa mai gishiri-gishiri ko mugunya na tsattsafowa a cikin baki.

Zafi da zazzaɓi sukan zo ne idan ƙwayoyin cuta sun shiga jakar.

Ba kowane kumburin fuska ne jakar ruwa ba. Hangum ya fi kama yara, a gindin kunne yake tasowa da zazzaɓi, kuma cikin sati ɗaya zuwa biyu ya wuce. Ƙurjin haƙori cikin 'yan kwanaki yake tashi, da raɗaɗi da zafin jiki. Akwai kuma wani ƙari da ake kira amilobilastoma, wanda likitocin Nijeriya ke yawan gani. Shi ma a hankali yake girma ba zafi, a ido ba a rarrabe shi da jakar ruwa, amma fiɗarsa ta fi tata girma nesa ba kusa ba. Na ƙarshe, kumburin muƙamuƙin yaro da ke ninkuwa cikin 'yan makonni. Wannan na iya zama dajin da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wanda ya fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Yana jin magani sosai, amma ba ya jiran kowa. Yaro mai irin wannan kumburi a kai shi babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Me ya sa ba a yi mata sakiya?

Maruru a fata yake, in ya nuna aka fasa shi sai ya huce. Jakar ruwa a cikin ƙashi take. In wanzami ya yi mata sakiya ko tsaga, ruwa zai fita, kumburi ya saɓe, kowa ya yi murna. Amma fatar tana nan daram, ga shi kuma an buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya zuwa cikin ƙashi. Bayan 'yan makonni kumburin ya dawo, wannan karon da mugunya. Ƙwayoyin kemis ma iyakarsu su kwantar da zafi da zazzaɓi. Babu ƙwaya ko allura ko saiƙo da ke narkar da fatar jakar.

Yadda likita ke gano ta

Likitan haƙori ba ya ɗaukar wuƙa sai ya san abin da zai tarar. Matakai biyar yake bi.

Tambaya. Yaushe aka fara lura da kumburin? Da sauri yake girma ko a hankali? An taɓa buguwa a baki? An taɓa cire haƙori a wurin? Leɓe yana jin taɓawa? A nan ne mara lafiya zai faɗi duk abin da aka yi wa wurin a gida, da cututtukan da yake da su, kamar ciwon suga, hawan jini ko sikila, da magungunan da yake sha. Mace mai juna biyu ta faɗa tun kafin a zo ɗaukar hoto.

Dubawa. Likita zai ƙirga haƙora, ya danna kumburin ya ji taurinsa, ya lalubi wuya ko akwai kaluluwa. Yakan ɗora auduga mai sanyi ƙarara a kan haƙori. Mai rai zai amsa nan take, matacce kuwa shiru.

Hoton ƙashi. Akwai ƙarami mai nuna haƙori biyu ko uku da saiwoyinsu. Akwai babba, inda na'ura ke zagaya kai ta fito da muƙamuƙin sama da na ƙasa daga kunne zuwa kunne a hoto guda. Jakar ruwa takan fito baƙa, zagayayya, da siririn farin layi a gefenta. In tana ƙarshen saiwar mataccen haƙori, ko ta rungume kan ɓoyayyen haƙori, likita ya fara samun haske. In babba ce, akan ƙara da hoton siti sikan don a ga zurfinta da kusancinta da jijiya.

Zuƙo ruwa. Bayan allurar kashe zafi, likita zai soka allura ya janyo abin da ke ciki. Ruwa tsinkakke mai launin ɗorawa da ƙyalƙyali alamar jakar ruwa ce. Fari mai kauri na nuna keratosist. Mugunya na nuna ƙwayoyin cuta sun shiga. In ba abin da ya fito, mai yiwuwa tsoka ce cunkushe, wato ƙari. In kuwa jini zalla ya cika sirinji, likita zai dakata, domin ana iya samun curin jijiyoyin jini a cikin ƙashi, wanda yanka shi ba shiri hatsari ne babba.

Gwajin tsoka. Akan yanko ɗan guntun fatar a aika ɗakin gwaje-gwaje a duba ta a madubin likita. Wannan ne kaɗai ke yanke hukunci. Ko bayan an cire jakar gaba ɗaya, sai an aika da ita. Sakamako kan ɗauki sati ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Kada a ƙi komawa karɓarsa don an ga jiki ya yi sauƙi.

Karatu: hira a ɗakin likita

Likita: Sannu Baba. Ga hoton ya fito. Ka ga wannan baƙin wurin? Jakar ruwa ce a ƙarƙashin turminka.

Dattijo: To likita, a rubuta mini magani mana in sha.

Likita: Da akwai, Baba, da na rubuta. Wannan sai an cire ta.

Dattijo: Aiki ke nan? Ai a garinmu cewa suka yi daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe.

Likita: Abin da muka gani a gwaji ba daji ba ne. Kuma ko da shi ne, jinkiri ne ke ba shi ƙarfi, ba ƙarfen likita ba.

Dattijo: Fuskar tawa za ku tsaga?

Likita: A'a, ta cikin baki za mu bi. Ba tabon da za a gani a waje.

Dattijo: A bari mana sai bayan girbi, in Allah ya kai mu.

Likita: In wata ɗaya ne ko biyu, za mu iya tsara rana. Amma kada ya zama baɗi. Yanzu haƙori ɗaya za ka rasa. In ta ƙara girma, abin zai shafi ƙashin kansa.

Dattijo: To, Allah ya sa a dace. Bari in yi shawara da yarana.

Likita: Amin, Baba. Ka zo da babbansu in yi masa bayani.

Hanyoyin magani

Ƙaramar jakar saiwa ba lalle sai an yi fiɗa ba. Likita na iya huda haƙorin, ya wanke mataccen ɓargon har ƙarshen saiwa, ya cike gurbin. Da tushen cutar ya tafi, sau da yawa ƙashi kan warke da kansa. Bayan wasu watanni a sake hoto a tabbatar.

In wannan bai wadatar ba, hanyoyin fiɗa biyu ne. Wani likitan Jamus mai suna Carl Partsch, a birnin Breslau, shi ya bayyana su, ɗaya a 1892, ɗayar a 1910, kuma har yau a kansu ake tafiya.

Ƙwaƙule jakar gaba ɗaya. Ita ce ta 1910, ita aka fi yi. Likita zai yanka dasashi ya ɗaga shi, ya cire ɗan ƙashin da ya rufe jakar, ya ɓamɓare fatar daga bango a hankali har ta fito duka, ya wanke ramin, ya mayar da dasashi ya ɗinke. Haƙorin da ya jawo cutar akan cire shi, ko a datse ƙarshen saiwarsa in zai tsira. Jini ne zai fara cika ramin, daga baya ya rikiɗa ya zama sabon ƙashi cikin watanni, babban rami har shekara ko fiye. In jakar ƙarama ce, allurar kashe zafi ta isa, mutum ya kwana a gidansa. In babba ce sai an sa shi barci, kuma za a hana shi cin abinci kamar awa 6 kafin aiki.

Buɗe mata ƙofa. Ita ce ta 1892. Akan zaɓe ta in jakar ta yi girman da ƙwaƙule ta zai iya karya ƙashi ko ya raunata jijiya, ko a yaro don a tsirar da haƙoran da ba su fito ba, ko a tsohon da jikinsa ba zai ɗauki babban aiki ba. Likita zai buɗe ƙofa daga jakar zuwa cikin baki, ya ɗinke bakin fatar da dasashi don kada ta rufe, ko ya sa ɗan bututun roba. Tunda ruwa ya daina taruwa, tokarar ta ƙare, sai ƙashi ya riƙa cikowa, ramin na tsukewa. Aikin ba wuya, amma yana son haƙuri. Mara lafiya zai riƙa wanke ramin da sirinji kullum har tsawon watanni, kuma sau da yawa akan dawo a ƙwaƙule ragowar in ta ƙanƙance.

Keratosist tana bukatar ƙari a kan haka. Bayan an cire ta akan kankare bangon ƙashin, wasu likitoci kuma su shafa wani sinadari mai kashe burbushin da ya rage. In kuwa gwaji ya nuna amilobilastoma ne, yawanci sai an yanke sashen ƙashin da ya kamu, a haɗa wurin da ƙarfe, a daso ƙashi daga ƙugu, ko haƙarƙari, ko ƙwauri. Kun ga amfanin gwaji tun da wuri.

Kowane aiki da hatsarinsa, kuma haƙƙin mara lafiya ne a faɗa masa kafin ya sa hannu. Akwai jijiya da ta ratsa cikin muƙamuƙin ƙasa, ita ke sa leɓen ƙasa da haɓa su ji taɓawa. In ta bugu wurin kan sage, galibi na makonni ko watanni, jefi-jefi har abada. A muƙamuƙin sama kuma akwai kogon iska a gefen hanci wanda aiki kan iya hudawa. Duk waɗannan sun fi aukuwa ne a jakar da aka bari ta girma.

Kulawa bayan aiki

1. A ciji audugar da aka sa kamar rabin awa. In jini ya ƙi tsayawa, a koma asibiti.
2. Ranar farko kada a kurkure baki, kada a yi ta tofar da yawu.
3. Daga washegari a riƙa kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, musamman bayan cin abinci.
4. A ci abu mai laushi: kunu ko koko da ya huce, fura da nono, tuwo mai taushi. A ajiye goro, rake, ƙashi da kilishi sai likita ya ba da izini.
5. A bar taba, domin tana hana rauni haɗewa.
6. In a sama aka yi aikin kusa da kogon iska, kada a fyace hanci da ƙarfi har kamar sati biyu.
7. A shanye magunguna yadda aka rubuta.
8. Kumburi na kwana biyu zuwa uku ba abin tsoro ba ne. Amma zazzaɓi, mugunya, ko wahalar haɗiya ko numfashi, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.
9. A adana hotuna da takardar sakamako, a kuma cika alkawarin ranar komawa. Mai keratosist zai riƙa zuwa a sake masa hoto har shekara 5 ko fiye.

Ina za a je?

A fara da sashen haƙori na babban asibiti mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su rubuta takarda zuwa likitocin fiɗar baki da muƙamuƙi. Ana samun su a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da Jos.

Jakar da ta fi yawa kuwa ana iya tare ta tun daga gida, tunda ruɓewar haƙori ce mafarinta. A goge baki safe da dare da buroshi da man goge baki, a haɗa da asuwaki, a rage zaƙi. Kogo a cike shi tun yana ƙarami. Haƙorin da ya bugu ko ya yi duhu a nuna wa likita ko da ba ya ciwo.

Taƙaitawa

Jakar ruwa rami ne a cikin ƙashin muƙamuƙi mai fata da ruwa. Mataccen haƙori da ɓoyayyen haƙori su ne manyan musabbabanta. Rashin zafi ba shaidar lafiya ba ce. Hoto, zuƙo ruwa da gwajin tsoka ke bambanta ta da ƙari. In ba ƙaramar jakar saiwa ba ce, maganinta shi ne a raba fatar da ƙashi, ko dai a ƙwaƙule ta lokaci guda, ko a buɗe mata ƙofa ta tsuke tukuna.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu ne suka haɗu suka zama jakar ruwa? Wanne ne cutar?
2. Me ya sa lafawar ciwon haƙori ba kullum take nufin an warke ba?
3. Kawo alamomi huɗu na jakar ruwa.
4. Ta yaya za a bambanta ta da hangum?
5. Me ya sa kumburi ke dawowa bayan sakiya?
6. A wane hali likita ke zaɓar buɗe ƙofa maimakon ƙwaƙulewa?
7. Cike gurbi: Haƙoran yarinta guda ____ ne, na girma kuma ____.

Aikin yi

1. Ku kasu biyu-biyu ku karanta hirar likita da dattijo a bayyane, sannan ku yi musanye.
2. Kowa ya dubi bakinsa a madubi, ya ƙirga haƙoransa, ya rubuta adadin, ya kuma lura ko akwai mai kogo ko wanda ya yi duhu.
3. Ku bincika asibiti mafi kusa da ku mai sashen haƙori da ranakun da ake ganin likita. Ku rubuta a takarda ku kawo aji mako mai zuwa.